Shirun dattawanmu ba tsoro ba ne, ƙanena

Ƙanena na ga tambayarka, ka ce dattawa a majami'a kullum sai su ce ku yi addininku a hankali ba hayaniya, kai kuma kana ganin tsoro ne kawai, wai jarumin Kirista shi ne wanda in aka taɓa shi zai rama. To mu da muka tsufa a nan Damagaram mun ga ranar da aka gwada wannan magana.

Ran Juma'a 16 ga Janairu 2015 ne, bayan an sauko daga masallaci zanga-zangar zanen Annabi Muhammadu da jaridar nan ta Faransa, Charlie Hebdo, ta buga ta rikice, aka cinna ma majami'u wuta har da ta Katolika da santir kulturel, wato cibiyar al'adu ta Faransawa, an rasa rayuka, kashegari abin ya faɗa Yamai. Mutanenmu da yawa barikin soja suka kwana. A kartiyenmu wata hajiya makwabciyarmu ce ta tura matanmu da yara cikin ɗakinta ta zauna bakin ƙofa da tasbaharta, samari suka zo suna tambaya ta ce duk wanda ke ciki nata ne, kuma ta san uwar kowane ɗayansu, kunya ta kore su. Ba ta da ko sanda. Kuma masu yawan cika baki a fada, namu da nasu, ranar ban ga ƙeyar ko ɗaya ba.

Abin da ya fi wuya ma baya ya zo. Ka dawo ka tarar da toka, ka san yaron da ya ɗauke bencin majami'a, gobe ka gan shi a kasuwar Dole ko ma shi ne ɗan kabu-kabun da zai ɗauke ka, kuma fasto ya tsaya cikin bango baƙi ƙirin yana cewa a yafe. Wallahi akwai waɗanda suka kasa, suka tattara suka bar garin, ni ban ga laifinsu ba. Amma waɗanda suka zauna suka ci gaba da zuwa suna da gaisuwar mutuwa gidan makwabta, aka kai masu naman layya suka karɓa, Nowel ta zo su ma suka aika da shinkafa, su nike kira jarumai. Karin Magana 16:32 ta ce mai jinkirin fushi ya fi jarumi, kuma makwabtanmu suna da hadisi mai kama da haka, cewa mai ƙarfi ba mai kada mutane a kokowa ba ne.

Sai dai inda nike tare da kai, a hankali ba ya nufin ɓoyewa. In an tambaye ka a lakkwal ko wurin aiki ka ce ni Kirista ne, kar ka canza suna don a ba ka ɗakin haya. Tun 1924 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka garin nan, mu ba baƙi ba ne. Musun Facebook da kuke kwana kuna yi ne ban ga amfaninsa ba, ka zagi abin da mutum ke girmamawa daga cikin ɗakinka, in ta ɓaci tsohuwa mai tuyar ƙosai bakin majami'a ce za a fara taɓawa, kai ka kashe waya.

In ƙarfi ke damunka, akwai tsofaffi a kartiyen Kara-Kara da ba su da mai ɗebo masu ruwa, ka san yadda famfo ke yi mana da bazara. Ka samu matasanku ku ɗauki bido ku fara can, ba sai kun ɗauki hoto ba.