Ga mai tambaya kan Peacemaker na John Cena

Ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa ka san John Cena tun zamanin kallon reslin, an tura maka shirinsa mai dogon zango Peacemaker, kana son sanin ko na faɗa ne ko na barkwanci, ko ya cancanci lokacinka, da kuma ko za ka iya kunnawa a falo tare da iyali. Bari in fara da ta ƙarshen don ita ce mai gaggawa: kada ka kunna shi a falo. Akwai ashar kamar ruwan sama, akwai tsiraici tun kashi na farko, ga jini da fashewar kawuna. Ni a waya na kalle shi da abin kunne, bayan yara sun yi barci.

Zango na farko ya fito a HBO Max ranar 13 ga Janairun 2022, kashi takwas ne, kowanne wajen minti 40 da 'yan kai. James Gunn ne ya rubuta dukkansu, ya kuma ba da umarni a biyar. Labarin ya ɗora ne daga fim ɗin The Suicide Squad na 2021, inda Cena ya fito a matsayin Christopher Smith, wato Peacemaker, wani gabjejen mutum mai hular ƙarfe mai walƙiya da ke cewa yana son zaman lafiya har ba ruwansa da adadin mutanen da zai kashe don ya same shi. A can ya kashe abokin aikinsa Rick Flag, shi ma aka harbe shi a wuya. Ba dole ba ne sai ka kalli fim ɗin, don suna tuna maka a farko, amma in ka kalla za ka fi gane dalilin da ya sa kowa ke ƙyamarsa.

Gaskiya ban shiga kallon da kyakkyawan zato ba. Wanda na tsana a fim, me zai sa in zauna masa awa biyar da wani abu? Abin da ya fara karya ni shi ne buɗe shirin. Duk 'yan wasan suna fitowa su yi wata rawar shirme a kan waƙar wasu mawaƙan Norway, fuskokinsu a murtuke kamar masu zaman makoki. Na saba tsallake buɗe shiri, amma wannan sau takwas na kalle shi.

Cena ya yarda a mai da shi wawa, kuma a nan ƙarfin shirin yake. Mutumin da muka saba gani yana ɗaga ƙarti yana makawa da ƙasa, ga shi nan yana rawa da ɗan kamfai, yana musu a kan abin da bai sani ba, yana yaɗa ƙarairayi a kan su Superman da Aquaman da ya tsinto a intanet. Babban amininsa a duniya wata mikiya ce mai suna Eagly, wadda ke rungumarsa da fukafukanta. Da a nan aka tsaya, da ya zama irin barkwancin da kake dariya ka manta kafin gari ya waye.

Sai aka kawo mahaifinsa. Robert Patrick ne ya fito a matsayin Auggie Smith, in ka tuna ɗan sandan nan mai narkewa na Terminator 2, to shi ne, tsufa ya kama shi. Mugun mai wariyar launin fata ne, shi ke ƙera wa ɗan nasa hulunan yaƙi, amma bai taɓa yi masa kallon rahama ba. Tun suna yara yake haɗa Chris da yayansa Keith dambe, abokansa na zuba kuɗin caca a kansu, har ranar da Keith bai tashi ba. Daga lokacin da ka san wannan, dariyar sai ta canza ɗanɗano. Duk cika bakin nan da surutun banza, yaro ne da ke neman uba ya ce masa madalla sau ɗaya. Akwai inda ya koma ɗakinsa shi kaɗai yana kuka yana zagin kansa, abokinsa ya leƙo ta taga, shi kuma ya ce motsa jikin fuska yake yi. Na yi dariya, sai kuma na ji ba daɗi da na yi. Can gaba kuma ya zauna gaban fiyano ya kaɗa, babu magana ko ɗaya, kuma Cena ne da kansa ya kaɗa. Ban taɓa zaton ɗan reslin zai sa ni yin shiru haka ba.

Abokin nan shi ne Vigilante, wanda Freddie Stroma ya taka. Da rana yana kwashe kwanuka a gidan abinci, da dare yana kashe masu laifi cikin fara'a, bai san bambancin ɓarawo da mai rubutu a bango ba. A wurina shi ya fi kowa ban dariya. Danielle Brooks kuma ta fito a Leota Adebayo, sabuwar ma'aikaciyar da ba ta saba da bindiga ba, ita ce mai hankalin cikinsu. Shugaban tawagar da aka saka Chris a ciki, Murn, Chukwudi Iwuji ne ya taka shi, haifaffen Najeriya da ya yi suna a wasan daɓe a Ingila.

Aikin da aka ba su shi ne farautar wasu halittu daga wata duniya masu kama da malam-buɗe-littafi, da ke shiga kan mutum su mallake gangar jikinsa. Wannan ɓangaren bai dame ni ba sosai, igiya ce kawai da aka rataya sauran kayan a kai. Faɗan na da kyau, musamman wanda suka yi da goggon biri a kashi na biyar.

Inda shirin ke tuntuɓe kuwa shi ne Gunn bai san ya isa ba. Sai a ɗauko raha ɗaya a yi ta ja kamar ƙosai ya ƙare a kasko ana ta juya mai, mutum biyu suna musu minti uku a kan abin da layi biyu ya ishe shi. Sannan rabin barkwancin ya jingina ne da mawaƙan Amurka na shekarun 1980 da sunayen taurarinsu. In ba ka taso da su ba, kamar yadda ni ma ban taso ba, wasu wuraren za ka ga ana ta ƙyaƙyatawa kai kana zaune. Kuma wasu maganganun batsar babu abin da suka ƙara, an dai sa su ne don an samu dama.

Zango na biyu ya fito a Agustan 2025, shi ma kashi takwas. Chris ya samu ƙofa zuwa wata duniyar da mahaifinsa da yayansa ke raye, kuma jama'a na ƙaunarsa, ga mahaifin Rick Flag na farautarsa. Ya fi na farko nauyi a zuciya, dariyar ta ragu, tsiraicin kuma ya ƙaru tun kashin farko. Ni na farkon ya fi kwanta mini.

Shawarata, ka ba zango na farko kashi uku, don su ukun aka saki rana ɗaya kuma sai a na ukun labarin ke kama ƙasa. In ka kai nan Vigilante bai ba ka dariya ba, goge shi ka huta da cikar waya. In kuma ka wuce, ka dawo nan mu yi gardama a kan abin da Chris ya zaɓa a kashi na takwas na zango na farko, don har yanzu ban gama yanke wa kaina ko ya kyauta ba.