Kafin ka ɗora wa kowa gwajin manhaja da hoto

Ka tambaye ni ko ka bar gwajin hannu ka koma SikuliX, manhajar da ke gwada wasu manhajoji da kanta ta hanyar hoto, tunda manhajar kamfanin da ya ba ka aiki tsohuwa ce, ba a burauza take gudana ba. Ka koma, yaro. Selenium, wata manhajar gwajin, ba zai tsinana maka komai a nan ba, abin da ke cikin shafin intanet kaɗai yake kamawa. Shi kuwa Sikuli, asalin SikuliX, da aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka a 2009, allo yake kallo: ka ba shi hoton maballi, ya nemo shi ya danna. Yadda ake girka shi da yanka hotuna ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda bai iya wannan ba ya nemi wata sana'ar.

Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne yarjejeniya. Wani kamfanin rarraba kaya ya taɓa kira na, na rubuta musu gwajin manhajar lissafinsu tun daga shigar da kaya har fitar da rasit. Abin da ma'aikatansu ke kwana suna yi da hannu ya koma yana gudana da kansa cikin dare. Sun biya rabi, saura sai an ga aiki. Ana nan suka sayo sababbin kwamfutoci, Windows ya ƙara girman rubutu zuwa kashi 125. Kowane maballi ya canza kama, hotunana suka daina dacewa, gwaji ya zube gaba ɗaya. Manajan ya dube ni ido da ido ya ce aikina ne ba shi da inganci, ba zai cika ba. Ya kwashe fayilolina ya miƙa wa ɗan 'yar'uwarsa. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Wallahi har yau idan na tuna raina ɓaci yake.

Ka san abin da yaron ya yi? SikuliX yana yarda hoto ya dace idan kamannin ya kai kashi 70 cikin ɗari. Maimakon ya sake ɗaukar hotuna, sai ya rage ma'aunin har komai ya nuna kore, wato alamar gwaji ya yi nasara. Gwajin ya riƙa danna maballin sokewa a madadin na ajiyewa, yana kuma cewa lafiya lau. Haka yaran yanzu kuke, ku dai ku ga kore ku tura wa oga hoto a WhatsApp.

Don haka ka rubuta a takarda, su sa hannu: girman allo kaza, girman rubutu kaza, kwamfuta ɗaya da ba mai taɓa ta sai kai. Duk ranar da suka canza fuskar manhaja, kuɗin gyara daban ne. Bayan kowace dannawa kuma, ka sa gwajin ya karanta adadin da ya fito a rasit, kada ya tsaya a kan cewa ya danna. Idan sun ƙi sa hannu, ɗauki jakarka ka fito.