Tambayoyinku: Wane Dutse Ya Dace da Mai Koyon Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara?

Da shigowar hunturu, wasiƙun da suka fi yawa a wannan shafi sun zo ne daga 'yan'uwa mazauna Turai da Turkiyya, da kuma masu shirin tafiya hutu daga gida. Duk a kan abu ɗaya suke: ina za a je a koyi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ba tare da an yi asarar kuɗi ko an dawo da karaya ba. Mun zaɓi guda biyar.

Tambaya: Ina zaune a Lyon ta Faransa da maiɗakina da yara biyu, ɗan shekara 9 da 'yar shekara 6. Babu wanda ya taɓa zamiya a cikinmu. Abokan aikina sun ce mu je Chamonix ko Val d'Isère, wai su ne manya. Mene ne shawararku?

Amsa: Malam, manya ne ƙwarai, amma na gwanaye ne. A Chamonix filayen zamiyar a warwatse suke cikin dogon kwari, sai an hau bas daga wannan zuwa wancan, kuma yawancinsu tsaye suke. Ka ƙaddara kana ɗauke da allunan zamiya, waɗanda ake ɗaurawa a ƙafa, na mutum uku, 'yar shekara shida tana kukan sanyi, ana jiran bas. Val d'Isère kuwa an san ta da cewa hanyoyinta sun fi launin da aka ba su wuya (kowace hanyar zamiya ana ba ta launi gwargwadon wuyarta: kore mafi sauƙi, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi), musamman waɗanda ke saukowa cikin gari da yamma, lokacin da ƙafa ta gaji.

Abin da mai koyo yake buƙata kaɗan ne, amma dole ya kasance a kusa. Da farko filin koyo mai faɗi, wanda gangararsa ke ƙarewa a shimfiɗe, ta yadda wanda bai iya birki ba zai tsaya da kansa. A duba ko an kewaye shi, domin filin da gwanaye ke ratsawa a guje a kan hanyarsu ta komawa masauki wurin haɗari ne, kuma yana sa mai koyo ya sandare don tsoro. A duba ko akwai kafet mai tafiya, wato bel ɗin da ake tsayawa a kansa ya kai mutum sama. Ya fi sandar ja da ake saƙalawa tsakanin ƙafafu sauƙi nesa ba kusa ba, domin sabon shiga yakan ɗauka sandar kujera ce, ya zauna, ya faɗi.

Sai abin da mutane suka fi mantawa: ina za a je a kwana na uku? A lokacin an iya haɗa bakunan alluna gaba a buɗe dugadugai don birki, an fara juyawa dama da hagu, filin koyo ya yi kaɗan. Idan daga filin koyo sai hanya mai tsauri, koyo ya tsaya ke nan. Don haka ka buɗe taswirar wurin ka nemo koren hanyoyi dogaye waɗanda suka taso daga gefen filin koyo, kuma suka dawo gari. Idan komawa gari sai ta jar hanya, ka tabbata akwai motar waya, wato ɗakin da ke tafiya a rataye a jikin waya, da ke saukowa da mutane.

Daga Lyon, Alpe d'Huez ta cika waɗannan sharuɗɗa. Garin yana kan mita 1,860, kuma a samansa kai tsaye akwai kwano mai faɗi cike da koren hanyoyi. Yana fuskantar kudu, rana na dukansa, abin da ke da daɗi ga yara a Janairu amma yakan sa dusar ta jiƙe da la'asar a ƙarshen Maris. La Plagne ma ta dace, musamman ƙauyukanta na sama kamar Belle Plagne inda ake fita daga masauki a taka dusa. Courchevel na da koren hanyoyi masu kyau sosai, sai dai tsada.

Ku yi rajistar makarantar koyon zamiya tun kafin ku biya masauki, domin gurbin yara kan cika. A Faransa darasin rukuni yakan fara Lahadi ko Litinin ya ƙare Juma'a, awa biyu da rabi zuwa uku kullum. Ka tambayi adadin mutane a aji. Takwas ya yi, idan ya haura goma sha biyu rabin lokacin a jira zai tafi. Kada ka ce kai za ka koya wa Hajiya bayan ka yi kwana biyu, a bar wa malamin. Kuma kada ka sayi katin lif, wato katin hawa na'urorin da ke kai mutane saman dutse, na dukan yankin a ranar farko: wurare da yawa lif ɗin filin koyo kyauta ne ko kuma yana da ƙaramin kati mai araha, malamin zai faɗa muku ranar da za ku buƙaci babban.

Tambaya: Na koyi zamiya a Faransa, ina sauka shuɗiyar hanya ba matsala. Wani aboki ya gayyace ni Amurka, wani kuma St Anton a Ostiriya. Shuɗi ai shuɗi ne ko'ina, ko ba haka ba?

Amsa: Ba haka ba ne, ɗan'uwa, kuma nan ne masu matsakaicin gwaninta suka fi shiga uku. Faransa na da launi huɗu: kore, shuɗi, ja, baƙi. Ostiriya da Suwizalan da Italiya galibi uku suke amfani da su, babu kore, don haka shuɗi a can ya haɗa mai sauƙin gaske da mai ɗan tsauri. A tsarin Ostiriya shuɗi bai wuce gangarar kashi 25 cikin ɗari ba, wato saukar mita 25 a kowace mita 100 ta gaba. Ja yana kaiwa kashi 40, abin da ya haura haka baƙi ne. A Amurka da Kanada kuwa koren da'ira shi ne mai sauƙi, shuɗin murabba'i shi ne matsakaici, ya fi kusa da jan Turai. Wanda ya bi shuɗin Amurka da tunanin shuɗin Faransa zai tsinci kansa a inda bai shirya ba.

Bayan wannan, kowane wuri shi ke shafa wa hanyoyinsa launi, ana auna su ne da sauran hanyoyin wurin. Faɗin hanya, cunkoso da yanayin dusa duk ba sa cikin launi. Shuɗiyar hanya mai ƙunci da kowa ke bi ya koma gari da ƙarfe huɗu, ta tara tudun dusa ta kuma goge ta zama ƙanƙara zalla, ta fi jar hanya mai faɗi da aka share da safe wahala. St Anton ta yi suna da irin wannan. A bar ta sai gaba.

Ga mai matakinka, abin nema shi ne hanyoyi dogaye masu faɗi, shuɗi da ja masu sauƙi, inda za ka yi juyi ɗari a jere har allunanka su daina buɗewa su tsaya a layi ɗaya. Cervinia a Italiya, mita 2,050, ita ce misali mafi kyau: jajayen hanyoyinta masu laushi ne, dogaye. Aibinta iska, wadda kan rufe lif ɗin sama, kuma babu bishiyoyi. Wannan na da muhimmanci, domin ranar da gajimare ya sauko, sama da ƙasa su zama fari ɗaya, ido ba ya gane tudu da kwari, sai tsakanin bishiyoyi ake samun inuwar da ke nuna hanya. Alta Badia a tsaunukan Dolomite na da shuɗi masu yawa da itatuwa, kuma tana kan zagayen Sella Ronda, kimanin kilomita 40 idan an haɗa da lif, wanda mai iya jar hanya ke gamawa a yini ɗaya idan ya fita da wuri. A Faransa, La Plagne da Les Arcs sun haɗu ta motar wayar Vanoise Express tun 2003, hanyoyinsu a haɗe kilomita 425 ke nan.

Sai dai kada lissafin kilomita ya ruɗe ka. Yankin Les Trois Vallées na Faransa na tallar kilomita 600, kuɗin katinta ma haka yake. Idan kwana uku za ka yi, wurin da ke da kilomita 100 zuwa 150 ya ishe ka har ya yi saura.

Tambaya: Ɗalibai ne mu a Turkiyya, kuɗinmu kaɗan. Akwai inda za mu je ba sai mun nemi bizar Turai ba? Kuma iyayenmu in sun zo daga Najeriya fa?

Amsa: Kuna zaune a kan abin da kuke nema. Erciyes na da nisan kilomita kusan 25 daga Kayseri, don haka za ku iya kwana a cikin gari inda masauki ke da araha ku hau mota da safe. Hanyoyinta masu faɗi ne, lif na zamani, amma dutsen tsirara yake, iska kan dame shi. Palandöken na bakin Erzurum, wadda ta karɓi gasar hunturu ta jami'o'in duniya a 2011, dusarta busasshiya ce saboda tsananin sanyi. Uludağ ta fi kusa da masu zama Istanbul, ana hawa daga Bursa ta motar waya, kuma gangararta ta dace da masu koyo, sai dai Asabar da Lahadi cunkoso ne. Ku je tsakiyar mako, ku kuma kauce wa hutun makarantu na ƙarshen Janairu. A duk waɗannan, abincin halal da wurin salla ba abin damuwa ba ne, saɓanin ƙauyukan tsaunukan Alps na Turai inda naman alade ke shiga abinci da yawa, sai an yi tambaya.

Ga masu zuwa daga gida da bizar Shengen: Bansko a Bulgeriya na da araha, amma motar waya ɗaya ce ke ɗaukar mutane daga gari, layin safiya yana da tsawo. Soldeu a Andora ta shahara da makarantarta mai koyarwa da Turanci. Andora ba ta da filin jirgi, sai an bi ta Faransa ko Sifaniya, kuma ba ta cikin Shengen, saboda haka a nemi bizar shiga sau da yawa.

Wanda yake son ya ɗanɗana kafin ya kashe kuɗin tafiya, ya yi darasi biyu ko uku a rufaffen fili kamar Ski Dubai, wanda aka buɗe a 2005, hanyarsa mafi tsawo mita 400. Ya isa a saba da takalmi, a koyi birki da tashi bayan faɗuwa. Oukaïmeden a Maroko, kusa da Marrakesh, dusarta ba ta da tabbas, kada a sayi tikitin jirgi dominta kaɗai.

Tambaya: Jinina AS ne, ƙanwata kuma tana da sikila. An ce a zaɓi wuri mai tsayi don samun dusa. Hakan zai cutar da mu?

Amsa: Hajiya, mun gode da kika kawo wannan, domin ya shafi gidaje da yawa a cikinmu. Gaskiya ne wuri mai tsayi ya fi tabbacin dusa. Amma iskar shaƙa na raguwa da tsayi, kuma ƙarancinta, da sanyi, da ƙishirwa, da wahalar jiki, su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon sikila. Dutsen zamiya ya tara su duka huɗun. Ƙanwarki kada ta je ko'ina sai likitanta ya amince ya kuma faɗi iyakar tsayin.

Mai AS yawanci lafiya lau yake, amma an san cewa a tsayi jini na iya toshewa a saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a saman ciki ɓangaren hagu, wani lokaci har kafaɗa. In ya faru, a sauka ƙasa a je asibiti nan take, a kuma faɗa musu nau'in jinin. Ki ga likita kafin tafiya, ki zaɓi gari mai ƙasa da bishiyoyi. Val Thorens a Faransa na kan mita 2,300, Breckenridge a Amurka kusan 2,900, Afriski ta Lesoto ta haura 3,000. Waɗannan ba wurin fara gwaji ba ne. Ki riƙa shan ruwa ko ba ki ji ƙishi ba, sanyi kan ɓoye shi.

Kowa kuma ya sa tabarau mai tare hasken rana. Sabuwar dusa na mayar da har kashi 80 cikin ɗari na hasken da ke ƙona ido da fata, kuma baƙar fata ba ta kare ido ko leɓe.

Tambaya: Wane wata ya fi? Kuma in sayi kaya ko in yi haya?

Amsa: Makonnin da ke bayan hutun sabuwar shekara, daga mako na biyu na Janairu zuwa ƙarshensa, su ne mafi araha da ƙarancin jama'a, sai dai sanyi da gajeren yini. Fabrairu hutun makarantun Faransa ne da na Ingila, farashi ya tashi, layi ya yi tsawo. Tsakiyar Maris ya fi wa mai koyo daɗi, muddin filin koyon yana sama da mita 1,800 ko yana fuskantar arewa. A duba kalanda kuma, domin a shekarun nan azumi na faɗowa cikin Fabrairu da Maris, kuma koyon zamiya na cin ƙarfi da ruwan jiki sosai.

Alluna da takalmi da sanduna, haya za ka yi. Allon mai koyo ya tsaya tsakanin haɓa da hanci, gajere ya fi saurin juyawa. Takalmi shi ne komai: in ka tsaya miƙe yatsu su taɓa gaba, in ka lanƙwasa gwiwa su ja baya kaɗan, diddige kuma kada ya ɗaga. Safa ɗaya siririya mai tsawo ta isa. Safa biyu na matse jini ƙafa ta fi yin sanyi, kuma wando da aka cusa cikin takalmi yana goge ƙwauri. Mai shago zai tambayi nauyinka da tsayinka da shekarunka da matakinka, da su yake saita maƙalin da ke riƙe takalmi. Ka faɗi gaskiya. In ka ce kai gwani ne, zai ɗaure shi da ƙarfi, ka faɗi allon ya ƙi saki, gwiwa ta murɗe, jijiyarta ta tsinke.

Abin saye shi ne safar hannu mai hana ruwa, tabarau, da rigar ciki ta ulu ko ta roba. Auduga na riƙe gumi ta sanyaya jiki a kan kujerar lif. Hular kwano ana hayarta, kowa ya sa. Ka karanta inshorarka ka ga ko ta ambaci wasannin hunturu, domin ta tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗauka. A Faransa kuɗi ake biya idan aka sauko da mutum daga kan dutse a gadon da ake ja a kan dusa, balle jirgi mai saukar ungulu, shi ya sa a yankin Savoie ake sayar da inshorar Carré Neige tare da katin lif a kan 'yan yuro kaɗan kullum. A Italiya kuwa, tun Janairun 2022 doka ta tilasta wa duk mai zamiya ya riƙe inshorar ɓarnar da zai iya yi wa wani, kuma ana iya sayenta a wurin yankar kati.