Na Haɗa Waya Biyu a Suwic, Me Ya Sa Gudun Bai Ninka Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon tace bidiyon biki da suna a Aboabo, nan Kumasi, da kwamfutoci shida da na'urar ajiya guda ɗaya wadda duk aikinmu yake ciki. Na haɗa na'urar ajiyar da suwic, wato akwatin da wayoyin kwamfutocin suke haɗuwa a ciki, da waya biyu, kowace mai gudun gigabit ɗaya, na kunna LACP, tsarin da yake ɗaure wayoyi su zama dami guda, a ɓangarorin biyu, amma idan ina kwafar bidiyo har yanzu ba ya wuce megabait 110 a daƙiƙa, kuma fitilar kafa ɗaya ce kawai take ƙyaftawa sosai. Suwic ɗin ne jabu, ko kuwa ni na yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Suwic ɗinka lafiya lau yake, kuma megabait 110 ɗin da kake gani shi ne kusan iyakar abin da waya mai gigabit ɗaya take ɗauka, domin a lissafi megabait 125 ne, sai a cire abin da adireshi da sauran bayanan da ke kan kowane ƙunshi, wato ɗan gutsuren da ake yanka bayanai kafin a tura su, suke ci.

Tsarin ɗaure wayoyi su zama dami guda, wanda hukumar IEEE mai tsara ƙa'idojin na'urorin sadarwa ta fitar a shekarar 2000 da sunan 802.3ad, sannan ta mayar da shi ƙarƙashin 802.1AX a 2008, yana da sharaɗin da shi ne tushen abin da ya dame ka: dole ne ƙunshin bayanan hira guda, wato abin da na'ura biyu suke aika wa juna, su isa a jere kamar yadda aka aiko su. Da suwic zai riƙa jefa ƙunshi na farko a wannan waya, na biyu a waccan, to wani lokaci na baya zai riga na gaba isa, sai TCP, tsarin da yake tabbatar da isar bayanai, ya zaci an yi asarar wani abu a hanya, ya sake aikowa, ya kuma rage gudu da kansa. Saboda haka suwic yakan ɗauki adireshin mai aikawa ko na mai karɓa, ko duka biyun, ya yi musu wani ɗan lissafi, abin da ya fito shi ne lambar wayar da hirar za ta bi daga farko har ƙarshe. Kamar mai lodin fasinja ne a tashar Kejetia wanda ya ce iyali ɗaya mota ɗaya za su shiga: ko da akwai wata trotro a gefe babu kowa a ciki, ba zai raba uwa da 'ya'yanta ba. Kwafar bidiyonka iyali ɗaya ce. Ban da haka ma, idan kwamfutar da kake aiki a kanta katin sadarwa ɗaya gare ta mai gigabit ɗaya, to ko waya takwas ka ɗaure wa na'urar ajiyar, abin da ƙofar kwamfutar ta ɗauka shi za ka samu.

Amfanin damin yana bayyana ne idan yaranka uku ko huɗu suna jan aiki a lokaci guda, kuma a nan ne ya kamata ka duba irin lissafin da aka zaɓa. Abin da mutane da yawa suke mantawa shi ne LACP ba ya raba kaya. Aikinsa tabbatar da cewa wayoyin suna raye kuma ɓangarorin biyu sun yarda da juna. Kowane ɓangare shi yake zaɓar wayar da zai fitar da nasa kayan. Idan kuna tura bidiyo zuwa na'urar ajiya, suwic ne mai zaɓi, kuma idan an saita shi ya duba adireshin MAC, wato lambar da take kan katin sadarwa, na mai karɓa kawai, to duk kwamfutocin shida wuri ɗaya suka nufa, lissafin zai riƙa ba da amsa ɗaya, waya ta biyu ta zauna ba aiki. A suwic na Cisco, umarnin show etherchannel load-balance zai nuna maka abin da ake amfani da shi, sai ka canza da port-channel load-balance src-dst-ip, domin ya riƙa duba adireshin IP, wato lambar kowace na'ura a kan sadarwar, na mai aikawa da na mai karɓa tare. Idan kuma kuna jan bidiyo ne daga na'urar ajiya, ita ce mai zaɓi, kuma da yake yawancin na'urorin ajiya a kan manhajar Linux suke, abin da za ka nema shi ne xmit_hash_policy, ka mayar da shi layer2+3 ko layer3+4. Na biyun yana haɗawa har da lambar tashar hira (port) a cikin lissafin.

Ko bayan ka gyara, kada ka sa ran rabon zai zo daidai wa daida. Lissafin ba ya duba wace waya ce ta cika, adireshi kawai yake gani, don haka da kwamfutoci shida kacal ana iya samun biyu masu aiki mafi nauyi su faɗa waya ɗaya. Wani lokaci canza lambar ƙarshe ta adireshin IP na ɗaya daga cikinsu ya isa ya raba su. Ka gwada da kwamfutoci biyu ko uku suna kwafa tare, kana kallon fitilun. Idan jimillar gudun ta haura megabait 125, damin yana aiki.

Ni dai a ganina, ga mai tace bidiyo wanda damuwarsa fayil guda mai girma, kuɗin ya fi kyau a sa shi a kati da suwic masu gudun gigabit 2.5 ko 10, a kwamfutar da ta fi aiki da kuma na'urar ajiyar. Akwai kuma SMB Multichannel, wanda ya zo da Windows 8 a 2012, yana raba kwafa ɗaya a kan katuna biyu, amma sai kwamfutar da na'urar ajiyar duk suna da kafa biyu kuma sun san tsarin. Waya ta biyun da ka riga ka saka kuwa ka bar ta inda take, domin ranar da ɓera ya ci ɗaya ko kanta ya saki, kwafar za ta koma kan ɗayar ba tare da kun tashi daga aiki ba.