Ina so in bar tramol amma jikina ya ƙi, in sayi maganin wanke jini?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Ni lebura ne a wurin gini, shekara huɗu kenan ina shan tramol, da shi nake iya ɗaukar bulo har la'asar. Yanzu iyalina na da juna biyu, wallahi bana son yaron ya taso ya same ni a haka. Sau biyu na gwada bari, sai zawo da gumi da rashin barci, in koma. Wani mai magani ya ce yana da jiƙo mai wanke jini cikin kwana uku. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sauki iyali lafiya. Kar ka saya, riƙe kuɗinka, za su yi maka amfani a gaba.

Wannan zancen wanke jini kullum sai na ji shi a asibiti kuma ya ishe ni. Tramol ba ya zama a jini, kwana biyu da daina sha jikinka da kansa ya fitar da shi ba tare da taimakon kowa ba. To me za a wanke? Ƙwaƙwalwarka ce ta saba da shi shekara huɗu, ita ke maka bore, shi ne ciwon gaɓoɓin nan da hamma da hawaye da ƙafar da ba ta zama wuri ɗaya cikin dare. Mutum yana fama da zawo sai a ɗura masa jiƙon da zai ƙara masa zawo da amai, a ce wai dattin ne ke fita, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa, sai an kawo shi ido ya faɗa ƙoda na neman tsayawa. Haka masu cewa a je kemis a sa ƙarin ruwa leda biyu, duk kanwar ja ce. Gidan mari kuwa kowa ya ga abin da ƴan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Abin da ya fi ban tsoro kuma masu jiƙon ba sa faɗa, in ka yi sati biyu ba ka sha ba jikinka ya daina jure adadin da ka saba, ranar da ka zame ka watsa ƙwayar tramol mai miligiram 225 guda biyu kamar da, a nan ake farfaɗiya ko numfashi ya tsaya. In kana haɗawa da diyazafam, ƙwayar nan mai sa barci, kar ka kuskura ka yanke diyazafam ɗin dare ɗaya.

Dalilinka mai ƙarfi ne, amma ka auna cikas ɗin da gaskiya. Aikin nan zai yi maka nauyi a makonnin farko, kuɗin yini zai ragu, shi ya sa na ce ka riƙe kuɗin jiƙon ka sayi hatsi ka ajiye. Abokin da kuke raba ƙwaya da safe kafin a fara kwaɓa siminti, sai ka nisance shi. Ka gaya wa mai ɗakinka.

Je ka asibitin ƙwaƙwalwa, Dawanau in kana Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, ba sai mahaukaci ke zuwa ba. Za a rage maka a hankali, a ba ka maganin zawo da na barci. Ka faɗa wa likitan adadin da kake sha a rana ba ragi.