Ƙanwata mai tambaya kan sabuwar mashayar nan: ni na je sau biyu

Assalamu alaikum ƙanwata. Tun da asuba na ga tambayarki, ina cikin bas ina dawowa daga aikin dare, na ce bari in yi barci tukuna, don da a lokacin na amsa, wallahi da masifa zan fara. Kin ce abokan aikinki za su yi wa ɗaya daga cikinsu cin abincin bankwana a sabuwar mashayar nan mai ɓangaren abinci da aka buɗe a nan Ingila, an riga an sa sunanki, kin duba abin da mutane suka rubuta a Google kin ga rabi na yabo rabi na tsinuwa, ba ki san wa za ki gaskata ba, kuma ba ki san abin da Musulma za ta iya ci a can ba. To ni na je sau biyu, kuma da masu yabon da masu tsinuwar babu wanda ya yi ƙarya.

Zuwana na farko ranar Talata ne da rana, mu biyar daga wurin aiki. Wurin fes, ƙamshin fenti bai gama fita ba, tebur uku ne kawai da mutane. Wata yarinya ce ta yi mana sabis, ɗaliba ce, ba za ta wuce shekara 20 ba. Na ce mata ba na cin alade, ba na cin abin da aka sa wa giya. Ba ta yi min wani kallo ba, ta shiga kicin ta tambayi kuku, ta dawo ta ce in bar soyayyen kifi, in ɗauki gasasshe. Aka kawo min kifin salmon da dafaffen dankali da ganye, da zafinsa, cikin minti 20. Yaji kam babu, kin san halinsu, gishirin ma sai da na ƙara, amma kifin ya gasu yadda ya kamata. Na ɗora da wannan kek ɗin nasu mai laushi da ake yi da dabino a malala masa narkakken sukari. Na fito ina cewa ai mun samu wuri.

Wannan yabon nawa shi ya ja min.

Sati uku bayan nan surukata tana nan, ta zo daga Kano ganin jikoki. Wata biyu tana zaune a gida, daga ɗaki sai falo, sanyi ya hana ta ko leƙa waje. Na ce wa Abban yara mu fitar da Hajiya ranar Lahadi. Ya ce ina? Na ce akwai wani sabon gidan abinci. Ban ce mashaya ba, wannan laifina ne, na yarda. A raina ɓangaren cin abincin daban yake da inda kantar giya take, kamar yadda na gani ran Talata, za mu shiga mu ci mu fito ba tare da ta lura ba.

Na kama tebur na ƙarfe 1. Sai 2 saura muka zauna. Muna tsaye a bakin ƙofa da yara uku da tsohuwa mai ciwon suga, wadda ta sha maganinta tun a gida saboda na ce mata da mun isa za a ci. Na manta Lahadi ce ranar gasasshen namansu, ranar da kowane Bature ke kwaso iyalinsa har da kare. Ga kuma ƙungiyar ƙwallon Aston Villa na wasa. Teburin da na roƙa a can ciki an ba wasu, aka ajiye mu dab da kanta, ƙarƙashin talabijin, maza na ihu a kanmu da kofuna a hannu. Hajiya ta dubi kofunan, ta dube ni, ta gyara mayafinta. Ba ta ce komai ba. Da ma ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Yarinyar ran Talata tana nan, amma an ba ta can wani ɓangare, tana ta gudu kamar za ta tashi sama. Wani yaro aka turo mana, da gani satinsa na farko ke nan, hannunsa har rawa yake. Na ce gasasshen kifi, ya ce ya ƙare. Na ce to soyayyen fa, akwai giya a ƙullun? Ya ce babu. Na sake tambaya, ya ce babu, bai ko je kicin ba. Ni kuma na manta abin da yarinyar ta faɗa min, ko in ce yunwa da kunya suka mantar da ni. Muka yi odar kifi da soyayyen dankali guda uku, yara kuma farantin kayan lambu da gasasshen dankali, na ce kar a zuba romo.

Awa ɗaya da minti goma. Ina duba agogo, shi ya sa na sani. Hajiya ta fara gumi, na ba ta biskit ɗin da ke jakar ƙaramin. Da abincin ya zo, dankalin ya huce, farantan yara an malale su da romon da na ce kar a zuba, kuma a gefen na Auta ga wani ɗan tsiran nama an naɗe shi da jan nama. Alade a cikin alade, ƙanwata. Ina ƙoƙarin janye farantin kafin ya kai hannu, sai babbar 'yata, mai shekara 11, da ke ta karanta takardar abinci don gajiya da zama, ta ce, "Mama, an rubuta a nan da giya ake kwaɓa ƙullun kifin." Da Hausa ta faɗa, da ƙarfi. Hajiya ta riga ta kai loma biyu.

Har yau in na tuna yadda ta ajiye cokalin nan a hankali, ta ɗauki tishu ta kai bakinta tana salati ƙasa-ƙasa, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar da ta je Makka sau uku. Matar da ko lemon kwalba ba ta sha sai ta tambayi abin da ke ciki.

Amma duk wannan ba shi ya fi ƙona min rai ba. Yaron bai sani ba ne, ba a koya masa ba, ya yi ta ba da haƙuri har idonsa ya kawo ruwa. Manajan ne. Na ce a kira shi, ya ɗauki minti goma kafin ya zo, ya tsaya da hannu ɗaya a aljihu. Ni ke magana, shi kuma Abban yara yake kallo, kamar ni kujera ce. Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya ce ai giyar tana ƙonewa a wurin suya, babu abin damuwa. Na ce ba buguwa nake tsoro ba, tambaya na yi aka ce min babu. Sai ya yi wani ɗan murmushi ya ce, "Uwargida, kin san dai mashaya kika shigo ko?" A gaban yarana. A gaban surukata, wadda ba ta jin Turanci amma ta ji wannan murmushin sarai.

Shekara tara nake aikin kula da tsofaffi a ƙasar nan. Na wanke iyayen irinsu, na ba su abinci a baki, na san wanda ba ya cin ƙwai da wanda gyaɗa ke iya kashewa, ban taɓa ce wa ɗan wani "ai ka san gidan tsofaffi ka kawo shi" ba. Da cewa na yi gyaɗa ke sa Auta kumburi, da manajan nan da gudu zai zo, don ya san akwai doka a kansa. Da yake addini ne, sai murmushi. Wallahi kwana uku ina shirya amsoshin da ya kamata in ba shi, ina wanke-wanke ina magana ni kaɗai. A wurin kuwa bakina ya mutu, sai rawar murya. Abban yara shi ma, Allah ya ba shi haƙuri, ba ya son hayaniya, cewa kawai yake mu tafi, mu tafi.

Da bil ya zo, an cire kifi ɗaya tak cikin uku. An sa mana kuɗin ruwan kwalba biyu, alhali ruwa kawai na ce. Ki riƙe wannan: duk wurin da ke da lasisin sayar da giya a Ingila dole ne ya ba ki ruwan famfo kyauta in kin nema, amma sai kin ce na famfo, in ba haka ba na kwalba za su dire miki. Ga kuma kashi 10 na kuɗin sabis a ƙasa. Na ce a cire, aka cire, don ba dole ba ne in an rubuta na ganin dama ne. Daga baya na ji ba daɗi, don tun Oktoban 2024 doka ta ce kuɗin nan gaba ɗaya na ma'aikata ne, mai wuri ba ya taɓa ko kwabo. Wato yaron na hukunta, ba manajan ba. Da za mu fita na nemo yarinyar ran Talata na danƙa mata fam biyar a hannu, ita ma ba ta san dalili ba.

To ke yanzu. Wace rana ce taron naku? In tsakiyar mako ne, ki kwantar da hankalinki, kicin ɗinsu na iya ɗaukar mutum goma ba matsala. In daren Juma'a ne ko Lahadi, ki ci abinci a gida kafin ki fita, da gaske nake. Sabon wuri ne, ma'aikatan ba su gama sanin juna ba, ranar da aka cika sai komai ya watse. Shi ya sa kika ga sharhin ya rabu biyu, ki duba da kyau za ki ga yawancin masu kukan ƙarshen mako suka je.

Kuma kar takardar nan ta abubuwan da ke tayar wa mutane da rashin lafiya ta ruɗe ki. Abu 14 doka ta tilasta musu su bayyana, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, riɗi, kifi, waken soya. Babu alade a ciki, babu giya. Don haka in suka miƙo miki ita suka ce duba, ba ta amsa tambayarki ba. Ki ce a je a tambayi kuku, ki ga an tafi an dawo. Romon nan mai ruwan ƙasa da suke zubawa a kan komai, sau da yawa da jan giyar inabi a ciki. Shinkafar nan mai laima ta 'yan Italiya, ko da an rubuta ta masu cin ganye ce, da farar giyar inabi ake fara ta. Abin da suke kira gammon alade ne, sunan ne kawai ba ya nunawa. Black pudding kuma kar sunan ya sa ki zaci kayan zaƙi ne, jini ne. Ki tambayi man da ake soya dankali, ko shi ake jefa tsiran alade a ciki, wasu wuraren ma da kitsen sa suke suya. Naman kaza da na sa kuwa ni ban ma tambaya ba, ban ga alamar halal ko ɗaya a wurin ba.

Na san akwai waɗanda za su zo ƙarƙashin nan su ce me ya kai Musulma mashaya tun farko. Ban ce ba su da hujja ba, hadisin zama a teburin da ake shan giya duk mun san shi, kuma ni ba malama ba ce, ki tambayi wanda kika yarda da iliminsa. Abin da na sani shi ne yadda ake ji in ke kaɗai ce baƙar fata mai ɗankwali a wurin aiki, kin ƙi zuwa sau uku, an daina gayyatarki, sai ki ji an yanke maganar jadawalin aiki a inda ba kya nan. In kin yanke za ki je, ki faɗa musu tun farko ba kya cikin zagayen sayen abin sha, don al'adarsu kowa sai ya saya wa tebur gaba ɗaya, kar ki tsinci kanki kina biyan kuɗin giyar mutum takwas. Haka in an ce a raba bil daidai wa daida, ki ce a'a da murmushi, ki je kanta ki biya naki. Ki zauna a bakin tebur ta wajen ƙofa, a yi jawabin bankwana, ki ba da katinki, ki kama hanya kafin muryoyi su fara tashi.

Af, ki duba makin tsaftarsu a shafin hukumar kula da abinci, daga 0 zuwa 5 ne. A Wales dole ne a manna shi a ƙofa, a nan Ingila ba dole ba, kuma sabon wuri wani lokaci za ki ga an rubuta ana jiran masu duba.

Mu dai ran nan Coventry Road muka ƙare, a unguwar Small Heath da ke Birmingham, wurin 'yan Somaliya, shinkafa da naman rago da ayaba a gefe. Can ma sai da muka jira rabin awa, kar a ce na yi son kai, namu ma ba su iya sauri ba. Amma Hajiya ta ci ta ƙoshi. A mota ba ta yi min magana ba. Da dare ina jin ta a waya da ƙanwarta ta Gwammaja tana cewa, "Yau dai an kai ni gidan giya, da tsufana." Yanzu duk dangin miji sun sani, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Wata ma ta kira wai tana min jaje.

Na rubuta wa babban ofishin kamfanin, na zayyana komai har da lokacin da muka zauna da lokacin da abinci ya zo. Bayan kwana 12 suka amsa da haƙuri irin wanda ake aika wa kowa, da takardar cin abinci kyauta ta fam 30. Ko kalma ɗaya ba su ce kan manajan ba. Takardar na nan manne a jikin firij, wa'adinta zai ƙare ƙarshen wata mai zuwa. In kina so ki yi min magana ta gefe in turo miki lambar, ni dai ƙafata ba za ta sake taka wurin ba. In kin je kuma ki duba min ko dogon nan mai jan gemu har yanzu shi ne manaja.