Amsa ga ɗan'uwa mai tambaya kan Turancin 'yan gabashin Landan

Ɗan'uwa, sannu da haƙuri. Ka ce a siton da kake aiki a gabashin Landan shugabanku ya nuna maka wani kwali ya ce "have a butcher's", ka tsaya kana neman inda mahauci ya shigo maganar, sauran ma'aikata suka kwashe da dariya. Wallahi na san zafin wannan, duk wanda ya sauka a can da Turancin makaranta ya ɗanɗana shi. Ba Turancinka ne ya gaza ba, zaurancensu suka yi maka.

Ga yadda suke ƙulla shi. Sai a ɗauko jimlar da ƙarshenta yake amsa amo da kalmar da ake nufi: butcher's hook ya yi amo da look, wato duba. Sannan a yar da ƙarshen, a bar farkon kawai. A nan mutum ke ɓata, domin kalmar da za ta nuna maka hanya ita aka cire. Cewa ya yi ka duba kwalin, shi ke nan. Haka "use your loaf" daga loaf of bread, head, yi amfani da kanka. Porkies daga porky pies, lies, ƙarya. China daga china plate, mate, aboki. Barnet daga Barnet Fair, hair, gashin kai. Wasu a cike ake faɗarsu: dog and bone waya, tea leaf ɓarawo, brown bread ya mutu, Rosie Lee shayi. In sun ce a je cin Ruby, abinci mai kori na Indiyawa suke nufi, daga sunan mawaƙiya Ruby Murray, da ya yi amo da curry. 'Yan kasuwar titi na unguwannin nan ne suka yaɗa salon tun wajajen 1840, ana kiransu Kokni.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu yi da gangan. Mutum ya ga baƙo ne kai, ya san sarai ba ka taɓa ji ba, amma ya jefa maka a gaban jama'a, ya ƙi maimaitawa, ya juya yana kallon abokansa. Kai kuma ka yi murmushin dole, ka wuni kana jin kamar ba ka taɓa shiga aji ba, alhali wataƙila ka fi shi karatu. Mafi muni shi ne a koya maka kalma a ce je ka faɗa wa wane. Kada ka yarda. Wasu zagi ne a lulluɓe, berk ma da ake ɗauka wasa ce asalinta batsa ne. Duk abin da ba ka bincika ba, kada ya fito daga bakinka.

Wajen kuɗi kuwa ka buɗe kunne, nan ne ake asara. Quid fam ɗaya, fiver ko Lady Godiva fam 5, tenner 10, score 20, pony 25, ton 100, monkey 500, grand 1,000. Kafin ka amsa ciniki ko ladan ƙarin aiki, ka sa a faɗi adadin ƙarara, in son samu ne a turo maka a saƙon waya. Pony kuma tana da wata ma'anar, abu marar kyau, sai ka lura da zancen.

Rabin wahalar ma lafazi ne. Suna haɗiye h a farkon kalma, th ta koma f, t ta tsakiya ta maƙale a maƙogwaro, water, wato ruwa, ya zama "wo'a". In an ce "you alright?" gaisuwa ce, ba ciwo ake tambayarka ba, ka mayar da ita ka wuce. Samari kuwa yarensu daban, mai tasirin Jamaika: wagwan wato me ake ciki, bruv wato ɗan'uwa, bare wato da yawa.

Ka riƙa rubuta duk wadda ka ji a wayarka tare da jimlar da ta zo a ciki, don kalmar ita kaɗai ba za ta kai ka ko'ina ba. Da hutun shayi ka ja wani dattijo gefe ka tambaye shi ƙarshen da aka cire. Yawancinsu suna jin daɗin a tambaye su.